Yatsun Ungozomar Hillat Ladan

Hillat Ladan ƙauye ne da ke kwance a bakin tur'a, babbar magudanar ruwan da ke shayar da gonakin Jazira, tafiyar rabin awa daga kasuwar Hajj Abdalla. A garin nan in ka ga mutum yana yawo bai haura shekara ashirin da biyar ba, to Juwairiyya ce ta fara taɓa shi a duniya, domin ita ce ungozomarsu. Kakanninta sun baro ƙasar Sakkwato a ƙasa da niyyar Makka. Da suka iso nan suka ga ruwa da baƙar ƙasa, sai suka ce bari su huta damina ɗaya. Har yau hutun ake yi.

Gajeriyar mace ce, ba wani kyan da za a tsaya bayani, bakinta kuma bai iya lallashi ba. Amma Allah ya ba ta yatsu. Tun tana yarinya, in lokacin tsinkar auduga ya zo, ido rufe take tsinka, yatsun ne ke gaya mata wadda ta buɗe da wadda ba ta nuna ba. Bayan ta yi aure ta haifi biyu aka tura ta birnin Madani koyon ungozomanci, ta shekara guda, ta dawo da akwatin ƙarfe da farin tobu, mayafin nan da matan Sudan ke naɗe jiki da shi. Daga nan fa in ta ɗora hannu a kan ciki sai ta lumshe ido ta yi tsit, kamar mai sauraren kira daga nesa. Can sai ta ce, "Kai ya sauka, saura kwana goma." Ko ta ce, "Wanga zaune yake, ku nemi mota." Da wuya a kama ta da kuskure. Ta san haka, kuma ba ta ga dalilin ɓoye cewa ta sani ba. Akwai wata ungozoma a ƙauyen gaba mai suna Hannatu, tare suka yi karatu. Juwairiyya kan ce hannun Hannatu na tuƙin tuwo ne, ba na taɓa ciki ba. In maganar ta kai wa Hannatu sai ta yi dariya ta ce a gaida ta.

Mijinta Jibirin manomi ne mai sanyin hali, yana da hawasha, wato gonar da hukumar noman Jazira ta ba shi, inda yake noma auduga da dawa da gyaɗa. 'Ya'yansu huɗu. Ta farin ita ce Kausar, tana aure a Suki, can bakin kogi. Juwairiyya ba ta faɗin sunanta saboda kunyar 'yar fari, sai dai ta ce "yarinyar nan ta Suki". Tun ranar da aka yaye ta aka kai ta ɗakin kakarta, uwar ba ta ƙara ɗaukar ta ba, ba ta yi mata kitso ba, ba ta shafa kanta a gaban mutane ba. Matar da ta taɓa jikin kowa a garin, jikin 'yarta ne kaɗai ta haramta wa kanta, kuma abin yana cin ranta ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Wata shekara likitoci suka zo daga Madani suka tara ungozomomin yankin, suka koya musu yadda ake laluba nono a nemi ƙullutu, alamar mugun ciwon nan da mata ba sa son kiran sunansa. An zo gidan Juwairiyya ke nan. Ta bi gari gida gida, ba ta bar amarya ba, ba ta bar tsohuwa ba. Sau uku ta samu ƙullutu. Biyu ba komai ba ne, na ukun kuwa ciwon ne, aka cire shi da wuri, matar tana nan har yau tana sayar da shayi a tasha. Tun daga lokacin maganarta ɗaya ce ga duk wadda ta zo da tsoro: "In akwai shi, yatsuna za su same shi. In ban ji ƙullutu ba, tahi ki yi aikinki."

Tana da shekara hamsin da biyu aka yi bikin 'yar ƙanen Jibirin. Matan gida suka shiga duhan, hayaƙin itacen ɗalha da ake hurawa a rami, mace ta zauna a kai ta lulluɓa da bargo har jiki ya yi ƙamshi ya yi laushi. Suka matsa wa Juwairiyya, suna ce mata tsufa bai hana ƙamshi ba, har ta zauna. Bayan kwana uku ta ga nononta na dama ya yi ja ya yi duhu, da ɗumi, da nauyi. Ta ce hayaƙi ne ya gasa ta, ta tsine wa duhan da masu hura shi. Duk da haka ta kwanta ta ɗaga hannu ta laluba yadda aka koya mata, zagaye zagaye, daga waje zuwa ciki. Babu ƙullutu. Sai ta yi abin da take sa masu jego su yi in nono ya kumbura: tsumma da ruwan zafi safe da yamma, da ƙwayoyin da ta saya a kantin magani.

Wata biyu tana haka. Fatar ta yi kauri ta fito da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo, kan nonon ya shige ciki, riga ta matse gefe guda. Kullum bayan sallar asuba sai ta sake lalubawa, kullum amsar ɗaya. Ga ciwo ƙuru-ƙuru ido na gani, amma ita yatsu take tambaya, su kuwa sun ce babu. Da wata ce ta zo mata da irin wannan, wataƙila da ta yi mata tsawa ta tura ta asibiti. Da yake jikinta ne, sai ta gaskata abin da take so ta ji.

Jibirin ne ya lura ta koma ɗaukar akwatin da hannun hagu. Wata safiya ya ajiye finjalin jabanarsa, gahawar da yake sha, ya kira ta da sunan ɗansu ya ce, "Uwar Lukman, gobe za mu Madani."

"Mi aka yi a Madani, Malam?"

"Ke za a duba."

Ta buɗe baki za ta yi masa abin da ta saba, sai ta ga idonsa. Ta fasa, ta kwashe finjalai.

A asibitin masu ciwon daji suka samu wata likita, Daktora Hanaa, siririya mai magana a hankali, wadda ba ta girmi Kausar ba. Da Juwairiyya ta buɗe tobu, likitar ba ta kai hannu ba. Tsayawa ta yi tana kallo, ta duba dama ta duba hagu, har abin ya ɓata wa Juwairiyya rai.

"Ki taɓa mana, Daktora. Ni ungozoma ce, na riga na duba. Babu ƙullutu."

"Na yarda da ke, ya Hajja," in ji likitar. "Irin da nake tsoro ba ya yin ƙullutu. Cikin fata akwai ƙananan hanyoyin ruwa, su yake bi ya toshe, shi ya sa wurin ya kumbura ya yi zafi kamar na mai jego. In mata ɗari suka zo mana da ciwon daji a nono, biyu ko uku ne ke da wannan. Kuma yana da sauri."

Juwairiyya ta gane tun kafin a gama. Ta sha ganin ciyawa ta toshe ƙaramar magudana a hawashar Jibirin, ruwa ya rasa mafita ya kwanta, ƙasa ta jiƙe ta kumbura ba tare da ka ga wani dutse da za ka ce shi ne ya tare ba. Ta dubi hannuwanta a cinya, ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba. Aka yanki ɗan fata aka kai gwaji, aka yi mata hotuna. Bayan kwana goma amsa ta fito: ciwon ne. Ya kai hammata, amma bai kai hanta ko huhu ko ƙashi ba. Daktora ta ce wannan irin ba a fara shi da wuƙa. Sai an yi kimawi tukuna, maganin da ake ƙarawa ta jijiya, sau takwas, kowane mako uku. Bayan nan a cire nonon, sannan a gasa wurin da na'ura.

Huɗun farko jan magani ne. Takan kishingiɗa a gado kusa da taga, bayan tagar akwai bishiyar dalbejiya, ta zuba wa robar maganin ido tana ɗiga ɗaya bayan ɗaya. Kafin a kai rabi sai ɗakin ya fara nisa. Ta ga kanta a bakin tur'a da hantsi, ruwa yana tafiya ba sauti, balbelu suna tsaye a kan shanu. Wani lokaci ta ga ayarin da kakarta ke ba ta labari, mutane da jakuna suna tafiya gabas, ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa saboda kawalwalniya. Wani lokaci kuma yaran da ta karɓa ne ke wucewa ta gabanta, ba da fuskokinsu na yanzu ba, da kawunansu na ranar farko, jiƙaƙƙu masu ɗumi, kuma kowanne ta san shi a tafin hannunta. Sai ma'aikaciya ta taɓa kafaɗarta ta ce an gama. Gashinta ya zube, ɗankwali ya rufa asiri. Amai ya wahalar da ita. Amma jan nonon ya fara ja da baya, nauyin ya ragu, Daktora ta duba ta ce, "Kuwayyis, da kyau, Hajja, yana jin magani."

Huɗun ƙarshe fari ne kamar ruwan sha, kuma shi ne mai cizon. Daktora ta faɗa mata tun farko cewa yana iya kashe ji a yatsun hannu da na ƙafa, wasu ya dawo musu, wasu ba ya dawowa. Bayan na biyar yatsun suka fara minjirya. Bayan na shida allura ta faɗi daga hannunta ba ta sani ba, ta zauna tsintar wake ta kasa raba tsakuwa da ƙwaya sai da ido. A wannan makon ne saƙo ya zo daga Suki. Kausar tana da ciki, na farko bayan shekara shida da aure, kuma gida za ta zo haihuwa kamar yadda ake yi.

Al'ada ba ta son uwa ta karɓi haihuwar 'yar fari. Amma ungozoma ɗaya ce a Hillat Ladan, kuma wannan ce ƙofar da Juwairiyya ta shekara da shekaru tana jira, ranar da za ta riƙe 'yarta ba wanda zai ce ta yi rashin kunya. Ta duba abin da ya rage a yatsunta, ta duba robobi biyu da suka rage a Madani, ta san ba za ta samu duka biyun ba. Ranar na bakwai ta ce wa Jibirin likita ta ɗaga. Ƙarya ce, kuma ita ce ta farko da ta yi masa a kan abu mai nauyi.

Kwanakin nan da yamma takan tafi bakin tur'a ita kaɗai. Ta shafa wa hannuwan man riɗi, ta murza yatsun ɗaya ɗaya, ta tsoma su a ruwa ta ga ko za su ji sanyinsa. Suna ji kaɗan. Takan rufe ido ta ɗauki ganye, ta ɗauki ƙasa, ta ɗauki gefen tobu, tana tambayar kanta mene ne wannan. Rana tana sauka a kan gonaki, komai ya yi launin zuma, ita kuwa tana can tana ganin wani ƙaramin kai yana fitowa cikin tafinta. Ta san abin da take yi. Ta san jan yana iya dawowa, har ma ta daina duba wurin don kada ta gani.

Daktora Hanaa ta kira wayar Jibirin. Ya saurara ya yi godiya. Bai ce wa matarsa uffan ba, domin shekara talatin da biyar sun koya masa ba a cin ta da gardama. Sai ya kira Kausar a Suki.

Washegari bayan azahar Juwairiyya tana zaune a rumfa sai ga Kausar ta shigo da ƙurar mota a ƙafa. Ko ruwa ba ta sha ba, ta durƙusa gaban uwar.

"Inna, mi kika yi?"

Juwairiyya ta kau da kai ta yi magana da bango, yadda ta saba in 'yar tana wurin. "A ce wa yarinyar nan ta shiga ciki ta huta. Mai ciki ba ta shiga rana haka."

"Ba ni shiga. Baba ya hwaɗa min duka. Haram alaiki, Inna. Don ki karɓi ɗana za ki bar ni babu uwa?"

"Ba ki san abin da kike cewa ba."

"Na sani. Taɓawa kike so, ko? To halas, shi ke nan."

Kausar ta kama hannuwan uwar duka biyu, ta ɗaga rigarta, ta ɗora su a kan cikin ta danne da nata. "Taɓa yanzu tunda suna ji. Taɓa ki ƙoshi. Gobe mu tahi Madani."

Juwairiyya ta so ta janye, hannun ya ƙi. Fatar tana da ɗumi, tana jin ɗumin kamar ta cikin bargo, amma tana ji. Ta lumshe ido. Yatsun suka kama aikinsu ba a sa su ba, suka gangara, suka danna a hankali, suka samu bakin mahaifa yatsu uku ƙasa da cibiya. Rabonta da jikin nan shekara ashirin da takwas. Ta daɗe a haka, tantabaru suna kuka a kan rumfa, inuwa ta matsa daga ƙafarta zuwa gwiwa, hawaye suna zuba ba ta share ba. Can ta ce, "Wata huɗu da mako guda. Yana zaune lafiya."

Suka tafi Madani su uku. Daktora ta yi mata faɗa kaɗan, ta rage ƙarfin maganin, amma ba ta yi mata alkawarin komai a kan yatsun ba. Aka yi na bakwai, aka yi na takwas. Aka cire nonon da kaluluwar hammata, hannun dama ya yi nauyi. Ta yi mako biyar a gidan dangi tana zuwa gashi kullum. A ƙarshe Daktora ta ce yanzu ba su ga komai ba, amma irin wannan ba a juya masa baya, sai ta riƙa zuwa kowane wata uku. Yatsun kuwa sun tafi. Takan ga hannunta riƙe da kofi, ta san nata ne don tana kallonsa.

Kwana goma sha biyu da dawowarta, da hantsi, naƙuda ta kama Kausar. Auduga ta buɗe fari fat har bakin gari, mata duk suna gona. Juwairiyya ta fito ƙofar ɗaki ta ce, "Malam, hau keke ka kira min Hannatu." Jibirin ya dube ta sau ɗaya ya tafi.

Hannatu ta zo da akwatinta, ta wanke hannu, ta duba. Sai ta matsa gefe don girmamawa ta ce, "Yaya, zo ki ji min kwanciyar ɗan nan."

Juwairiyya ta durƙusa ta ɗora hannu. Ta lumshe ido, ta jira. Ba kai, ba baya, ba ɗumi, kamar ta dafa buhun auduga. Kowa a ɗakin yana jiran ta. Ta san kalmomin da za ta faɗa a yarda, ta faɗe su sau dubu. Ta janye hannun ta ce, "Ban ji komai ba, Hannatu. Yi aikinki."

Ta koma ta zauna a tabarma wajen kan 'yar, Kausar ta riƙe mata wuyan hannu tana matsewa, nan ne kaɗai take ji. Kafin la'asar kuka ya tashi, mace ce. Hannatu ta yanke cibi ta goge ta ta naɗe, ta miƙo wa Juwairiyya. Matar da ta karɓi rabin gari ta ɓoye hannuwanta a bayanta, ta ce tana tsoron kada ta suɓuce mata ba ta sani ba.

"Miƙe ƙafa to," in ji Hannatu, ta kwantar mata da jaririyar a cinya.

Juwairiyya ta shafa ɗan kan da yatsa, ba ta ji gashin ba. Ta sake shafawa. Sai ta sunkuya a hankali, ɗinkin ƙirjinta yana ja, har ta kai kuncinta kan maɗigar yarinyar. A nan ta ji shi, ɗumi da danshi, da wani ɗan bugu yana tashi yana sauka a ƙarƙashin fata. Hannatu tana kiran a kawo ruwan zafi, Jibirin yana tambaya daga waje mi aka samu, Juwairiyya ba ta ɗaga kai ta amsa wa kowa ba.